Yadda Ake Zaɓar Kaurin Waya da Haɗa Wayar Ƙasa a Gini Bisa Ƙa'ida

Masu aikin wayarin da dama suna ɗaukar kaurin waya da haɗa wayar ƙasa a matsayin ayyuka biyu da babu ruwan ɗaya da ɗaya, alhali a idon ƙa'idojin lantarki lissafi guda ne. Waya tana da aikin ɗaukar wutar da kayan gida ke ja kullum ba tare da ta yi zafi ba, kuma tana da wani aikin na ranar da matsala ta auku, wato ta bar wuta mai yawa ta koma inda ta fito cikin gaggawa domin bireka ta faɗi kafin mutum ya ji rauni. Duk abin da zai biyo baya a kan waɗannan ayyuka biyu ya ginu.

Mataki na farko: a san ƙa'idar da ke aiki a wurin

Kafin a sayi ko da mita ɗaya ta waya, sai an tabbatar da littafin ƙa'idar da hukumar wurin ta amince da shi. A Amurka ana bin NEC, littafin ƙa'idar lantarki wanda ƙungiyar kare gobara ta NFPA ke bugawa, ya fara fitowa a 1897 kuma ana sabunta shi duk bayan shekara uku. Sashe na 250 a cikinsa shi ne ya tattara maganar wayar ƙasa. A Birtaniya ana bin BS 7671, wanda bugu na 18 ya fito a 2018, shi kuma ya ginu ne a kan IEC 60364, ƙa'idar da ƙasashe masu yawa suka ɗauko tasu daga ciki. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne ma'auni: NEC tana auna waya da lambar AWG, inda ƙaramar lamba ke nufin waya mai kauri, sauran kuma suna auna faɗin bakin wayar da murabba'in milimita, wanda ake rubutawa mm². Ba a ɗebo rabin lissafi daga wannan littafi a haɗa da rabin wancan, domin kowane jadawali an tsara shi ne a kan irin wayoyi da birekokin da littafinsa ya sani. A nan za a bi tsarin IEC da na Birtaniya a wuta mai bolt 230, a riƙa kawo na Amurka inda ya dace.

Mataki na biyu: a gano tsarin da wutar ta shigo da shi

Wannan tambaya ce da ake yi wa kamfanin raba wuta ko a duba a bakin mita, ba a yin ta da ka. A tsarin TN-S, kamfanin yana kawo wayar kariya, wadda wutar matsala ke bi ta koma, daban da wayar nutiral, wadda wutar yau da kullum ke komawa ta cikinta, tun daga taransifoma. A TN-C-S, waya ɗaya ce ke yin aikin biyun a kan hanya, sai a raba su a bakin shigowa gini. A tsarin TT kuwa, kamfanin ba ya ba ka wayar kariya ko kaɗan, sandar da ka kafa a ƙasa ita ce hanyar komawar wutar matsala. Akwai kuma IT, wanda ake amfani da shi a wurare na musamman irin ɗakin tiyata, inda ba a so wuta ta yanke a matsala ta farko.

Dalilin da ya sa wannan mataki ya zo da wuri shi ne, daga shi ake sanin abin da zai yanke wutar. A TN, wutar matsala tana komawa ta cikin ƙarfe, don haka tana da yawa, bireka ta saba tana iya faɗuwa. A TT kuwa tana bi ta cikin ƙasa, kuma ƙasa ba ta sakin wuta da yawa.

Mataki na uku: a lissafa nauyin da layin zai ɗauka, a zaɓi bireka

Ana raba wat ɗin na'ura da bolt a sami amfiya. A ɗauki misalin injin dumama ruwa mai wat 6,000: idan aka raba da 230, za a sami amfiya 26 da 'yan kai. Birekar da za a saka dole ta kai wannan adadi ko ta ɗara shi kaɗan, saboda haka mai amfiya 32 ta dace. Daga nan sai ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: wutar da layi ke ja kada ta wuce girman bireka, girman bireka kuma kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka a ainihin wurin da aka shimfiɗa ta. Bireka tana nan ne domin kare waya. Wanda ya ga bireka tana yawan faɗuwa ya cire ta ya saka mafi girma ba tare da ya canza waya ba, ya cire mai gadi ne ya bar wayar tana dahuwa a cikin bango.

NEC ta ƙara wani sharaɗi a nan. Idan na'ura za ta yi awa uku ko fiye tana aiki ba tsayawa, ana lissafa nauyinta a kan kashi 125 cikin 100. Ta kuma ƙayyade ƙananan wayoyin jan ƙarfe kai tsaye: AWG 14 ba ta wuce bireka mai amfiya 15, AWG 12 amfiya 20, AWG 10 kuma amfiya 30.

Mataki na huɗu: a gyara lissafin bisa zafi da cunkoso

A nan ne akasarin kuskure ke faruwa, saboda mutum yakan haddace cewa waya mai mm² 2.5 tana ɗaukar amfiya 27, ya manta cewa wannan adadi na wayar da aka manna a fuskar bango ne, iska tana kaɗa ta, kuma zafin wurin digiri 30 ne a ma'aunin Selsiyos. Abin da ke iyakance waya shi ne robar da ta lulluɓe ta. Robar PVC ba ta jure fiye da digiri 70 a jikin ƙarfen, ta XLPE kuma tana kaiwa 90. Duk abin da zai hana zafi fita daga jikin waya yana rage wutar da za ta iya ɗauka, ko bututu ne, ko rufin ɗaki mai zafi, ko wasu wayoyi da aka cusa tare da ita.

Jadawalin BS 7671 yana ba da lambobin gyara. Ga waya mai robar PVC, idan zafin wurin ya kai digiri 35 ana amfani da 0.94, a digiri 40 ana amfani da 0.87, a 45 kuma 0.79. Idan layi biyu suna tafiya a bututu ɗaya, lambar ita ce 0.80, idan uku ne 0.70. A NEC kuwa ana ƙirga wayoyin da ke ɗauke da wuta ne: huɗu zuwa shida a bututu ɗaya suna saukar da ƙarfin zuwa kashi 80 cikin 100, bakwai zuwa tara kuma zuwa kashi 70.

A koma ga injin dumama ruwan nan. A ce wayarsa za ta bi ta bututu tare da wani layi guda, kuma za ta ratsa saman silin inda zafi ke kaiwa digiri 40. Sai a ninka 0.87 da 0.80, a sami 0.696, sannan a raba amfiya 32 na bireka da wannan lamba, abin da zai ba da kusan amfiya 46. Ke nan sai an nemo wayar da jadawali ya ce tana ɗaukar 46 ko fiye a cikin bututu. Waya mai mm² 4 tana ɗaukar 30 a wannan yanayi, mai mm² 6 tana ɗaukar 38, duk ba su kai ba. Sai mai mm² 10, wadda ke ɗaukar 52. Mai aikin da ya dogara da sabo da ya saka mai mm² 4 ya tafi abinsa, kuma injin zai yi aiki lafiya lau a ranar farko, shi ya sa wannan kuskure ke daɗewa ba a gane shi ba. Robar tana bushewa ne a hankali, ta yi tauri, ta fara tsagewa a wurin lanƙwasa, sai bayan shekaru a ji ƙaurin ƙuna daga cikin akwati.

Idan wayar alminiyam ce, lissafin ya sake, domin tana ɗaukar kusan kashi 78 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, kuma ba a ɗaure ta sai da mahaɗin da aka ƙera dominta.

Mataki na biyar: a duba raguwar bolt a kan doguwar hanya

Waya tana iya tsallake gwajin zafi amma ta faɗi a gwajin nisa. BS 7671 ta ba da shawarar kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, kashi 5 kuma a sauran layuka, wato bolt 6.9 da bolt 11.5 a wuta mai 230. Kowace waya tana da lambarta ta milibolt a kan kowace amfiya a kowace mita: 18 ga mm² 2.5, 11 ga mm² 4, 7.3 ga mm² 6, 4.4 ga mm² 10. Ana ninka lambar da amfiya da tsawon hanya, a raba da 1,000. Injinmu a nisan mita 30 da waya mai mm² 10 zai yi asarar kusan bolt 3.4, babu damuwa. Amma da a wani yanayi mai sanyi ne inda mm² 6 ta isa ta fuskar zafi, kuma nisan ya kai mita 70, asarar za ta haura bolt 13, dole a ƙara kauri ko da wayar ba ta ɗumi. Injin famfo da na'urar sanyaya ɗaki su suka fi shan wahalar wannan raguwa, domin motar lantarki da ke juya su idan bolt ya yi mata ƙasa sai ta ƙara jan amfiya ta yi zafi.

Mataki na shida: kaurin wayar kariya

Wayar kariya ita ce mai launin kore da rawaya a tsarin IEC, a Amurka kuma kore ce ko tsirara ba roba. Tana tafiya tare da kowane layi, tana haɗa jikin ƙarfe na kowace na'ura da ramin ƙasa na kowane soket zuwa babban mahaɗin da ke akwatin rarraba wuta. Hanya mai sauƙi ta zaɓar kaurinta ita ce a duba wayar wuta: idan ba ta wuce mm² 16 ba, wayar kariya ta yi daidai da ita, daga sama da 16 zuwa 35, a saka 16, sama da 35, a saka rabinta. Wannan idan duka biyun ƙarfe iri ɗaya ne.

Akwai hanya ta biyu ta lissafi, wadda ita ce ta halatta wayar nan mai mm² 2.5 da ke zuwa da ta kariya mai mm² 1.5 a cikinta. Ana ninka wutar matsala da kanta, a ninka da daƙiƙun da bireka za ta ɗauka kafin ta faɗi, a fitar da tushen murabba'i, a raba da wata lamba da ta danganci ƙarfe da roba, wadda take 115 ga jan ƙarfe mai PVC a cikin kebul. Idan wutar matsala amfiya 1,000 ce kuma bireka ta yanke a daƙiƙa 0.1, amsar tana fitowa 2.75, sai a ɗauki girman da ke sama da ita, wato mm² 4. Wanda ba shi da na'urar auna wutar matsala gara ya tsaya a hanya ta farko. NEC ta ɗaura nata jadawalin a kan girman bireka: amfiya 20 tana buƙatar AWG 12 ta jan ƙarfe, 60 tana buƙatar AWG 10, 100 tana buƙatar AWG 8, 200 kuma AWG 6.

Mataki na bakwai: kafa sandar ƙasa

NEC ta ce sandar ta shiga ƙasa aƙalla ƙafa 8, kimanin mita 2.4, kuma idan turjiyar sanda ɗaya, wato yadda take tare wuta, wadda ake aunawa da om, ba ta sauko zuwa om 25 ko ƙasa da haka ba, a ƙara ta biyu a nisan da bai gaza ƙafa 6 ba, wato mita 1.8. A aikace, nisan da ya kai tsawon sandar ko ninkinsa ya fi amfani, domin sanduna biyu da ke manne da juna ƙasa ɗaya suke rabawa. Yanke sanda don ta ƙi shiga, wanda wasu ke yi su rufe da ƙasa ba wanda ya gani, ɓata aikin ne gaba ɗaya, saboda danshin da ake nema a can ƙasa yake. A bar kan sandar a cikin ƙaramin rami mai murfi domin a iya duba mahaɗin a kuma auna shi daga baya.

Inda ginin bai tashi ba tukuna, akwai hanyar da ta fi sanda: a yi amfani da rodin harsashin ginin. Injiniya Herbert Ufer ne ya fito da dabarar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a busasshiyar ƙasar Arizona inda sanduna ba sa ba da sakamako mai kyau. Kankare yana riƙe danshi, kuma yana taɓa ƙasa a fili mai faɗi. NEC tana neman aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, na rodi mai kaurin rabin inci ko wayar jan ƙarfe tsirara AWG 4 a cikin kankaren da ke zaune kai tsaye a kan ƙasa. Sai dai a tuna da fito da bakin mahaɗin kafin a zuba kankare.

Wayar da ke tafiya daga sanda zuwa babban mahaɗi, idan binne take kuma tana da roba amma babu bututun da zai kare ta daga bugu, BS 7671 tana neman mm² 16 na jan ƙarfe, idan kuma tsirara ce mm² 25. Game da zuba gishiri a ramin sanda, gaskiya ne yana saukar da awo a farko, amma ruwa yana wanke shi kuma yana cin ƙarfen. Yumɓun bentonait ya fi shi ɗorewa.

Yanzu ga abin da ya kamata kowa ya lissafa da kansa ko sau ɗaya ne. Sanda mai om 25, wadda ake kira mai kyau, idan wayar wuta ta taɓa jikin injin, amfiya nawa za ta bari su wuce? A raba 230 da 25, amsar 9 da ɗan kai. Bireka mai amfiya 32 nau'in B, irin wadda aka saba sakawa a gidaje, tana buƙatar har ninki biyar, amfiya 160, kafin a tabbatar za ta faɗi nan take. Amfiya 9 ba za su motsa ta ba ko da za a kwana, jikin injin kuwa zai zauna da wuta yana jiran hannun da zai taɓa shi. Saboda haka a tsarin TT ba a dogara da sanda da bireka kawai, sai an saka na'urar RCD, wadda a Amurka 'yar'uwarta ake kira GFCI. Ita tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo ne, idan ta ga gibi ta yanke. Ta miliamfiya 30 ita ake sakawa don kare rai a soket da banɗaki. Sharaɗin shi ne turjiyar sanda idan aka ninka ta da wutar da ke tayar da RCD kada ta wuce bolt 50, wanda a lissafi ya ba da om 1,667 ga ta miliamfiya 30, amma BS 7671 da kanta ta yi gargaɗin cewa awon da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne, domin yana canzawa da bushewar ƙasa.

Mataki na takwas: haɗe ƙarafan gini wuri ɗaya

Bututun ruwa na ƙarfe, bututun gas da ginshiƙan ƙarfe na gini duk ana haɗa su da babban mahaɗi, domin kada a sami bambancin bolt tsakanin abubuwa biyu da mutum zai iya taɓawa lokaci guda. Kaurin wannan waya bai gaza rabin wayar ƙasar da ke shiga babban mahaɗi ba, kuma ba ya yin ƙasa da mm² 6. A tsarin TN-C-S kuwa mafi ƙaranci mm² 10 ne idan nutiral ɗin shigowa bai wuce mm² 35 ba. Ana haɗa bututun gas domin kariya, amma ba a mayar da shi madadin sanda.

Nutiral da wayar kariya suna haɗuwa a wuri ɗaya tak, a bakin shigowar wuta, kuma a tsarin da ya yarda da hakan. A ƙananan akwatunan da ke bayansa kowa da layinsa. Idan aka sake haɗa su a ciki, wutar yau da kullum za ta riƙa bin wayar kariya da bututu, RCD kuma ta dinga faɗuwa ba dalili. Dabarar nan ta ɗaure ramin ƙasa na soket da nutiral don na'urar gwaji ta nuna komai daidai haɗari ce babba, domin ranar da nutiral ya tsinke a baya, jikin duk na'urar da ke soket ɗin zai ɗauki wuta. Haka kuma ba a saka makunni ko fis a kan wayar kariya. Inda akwai janareta ko inbata, sai an duba takardar na'urar an san ko nutiral ɗinta a haɗe yake da jikinta, a zaɓi makunnin canji da ya dace da hakan.

Mataki na tara: gwaji kafin a saki wuta

Ana farawa wuta a kashe kuma an tabbatar a kashe take. A auna ci-gaban wayar kariya daga akwati zuwa soket mafi nisa, sannan a gwada lafiyar roba da bolt 500 na DC, inda awon bai kamata ya gaza megaom 1 ba, ko da yake sabuwar waya takan ba da ninkin haka sau ɗaruruwa. A tabbatar makunni da bireka suna kan wayar wuta, ba kan nutiral ba. Ana auna sanda da na'ura mai ƙananan turaku biyu da ake kafawa a nesa, kuma awon lokacin da ƙasa ta fi bushewa shi ne abin riƙewa.

Bayan an saki wuta sai a auna turjiyar zagayen matsala, wato turjiyar dukan hanyar da wutar matsala za ta bi ta koma, a ƙarshen kowane layi. A tsarin TN mai bolt 230, layin soket dole ya yanke cikin daƙiƙa 0.4, a TT kuma cikin 0.2. Ga bireka B mai amfiya 32, iyakar da jadawali ya ba da ita ce om 1.37, kuma tunda ana yin awon ne waya tana sanyi, ana so abin da na'ura ta nuna kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na wannan adadi, wato kusan om 1.1. Idan ya wuce, a fara duba mahaɗan da ba su ɗauru ba, sannan a yi tunanin ƙara kaurin waya. A gwada RCD da na'urar da ke auna lokacin yankewarta, domin maɓallin jikinta yana nuna cewa tana motsi ne kawai. Duk awon da aka samu a rubuta shi a takardar shaida tare da kaurin waya da girman birekar kowane layi, ma'aikaci mai lasisi ya sa hannu, a manna kwafin jadawalin a cikin murfin akwatin domin wanda zai zo ƙara layi nan gaba ya san abin da bututun ke ɗauke da shi.